Hannu Ne Kawai

Abuja,
12 ga Nuwamba, 2006

Abokin wasana Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jiki yana sauƙi, kuma Zaituna da yara suna lafiya. Ka gaida mini Gwaggo 'Yardada da duk mutanenmu na Ƙofar Mazugal. Ni ma alhamdu lillahi, ana samun sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Muƙamuƙina ya karye, likitoci sun ɗaure mini haƙoran sama da na ƙasa da waya, ko sallama ba na iya amsawa. Kunu da shayi nake zuƙa ta bututun roba kamar jariri. Na san da kana nan da ka ce Allah ya hutar da duniya surutuna. Direban da ke lodin Kano ne zai kawo maka wannan, idan ka ba shi amsa zai dawo mini da ita.

Abin da na iya tunawa shi ne muna dawowa daga ɗaurin auren nan na Zariya, kana gaba kusa da direba, ina baya, sai na ji ƙarar fashewar taya wajen Kwanar Ɗangora. Daga nan sai farkawa na yi a asibiti. Na yi ta nemanka da ido. Aka ce 'yan'uwa sun zo sun tafi da kai gida, kai kam ka tsira, hannu ne kawai. Wallahi na ji daɗi ƙwarai.

Ni kuwa bayan muƙamuƙin, cinyata ta dama ta karye. Ka tuna katin nan na inshorar lafiya da aka raba mana a ofis bara, wanda ka karɓa ka jujjuya ka ce ko kankare fata ba zai yi ba? To shi ya yi aiki. Da aka gan shi a aljihuna aka sanar da ofis, aka ɗauko ni zuwa asibitin da na yi rajista a nan. An yi mini tiyata, an sa ƙarfe a cinyar, kuma babu wanda ya ce in ajiye wani abu kafin a taɓa ni. Albashi ma yana tafiya ina kwance. Ka ga amfanin zama bawan gwamnati, sunan da ka laƙaba mini tun ranar da na bar gida. Dama kakana ne wan kakarka, ni ne ubangidanka a wasa, yanzu ga shaida ta fito.

Ka yi maza ka warke ka koma rumfa, kada mutanen kasuwar Kurmi su manta da ɗinkin baduku na gaskiya.

Naka,
Abdulhakeem

Kano,
9 ga Disamba, 2006

Abdulhakeem,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da ya sa kana samun sauƙi. Yara lafiya, Gwaggo tana amsawa. Zaituna ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Na jima ban amsa ba. Na yi ta maimaita karanta takardar, kuma duk a wuri ɗaya nake tsayawa. Hannu ne kawai. Gaskiya ne, hannu ne. Na dama ne, daga wuyan hannun har yatsu, wanda nake riƙe wuƙa da basilla da shi tun ina yaro a gaban Baba. Ban san da me kake zaton baduku yake ɗinki ba.

A asibitin da aka fara kai mu, gadona yana kallon naka. Kai ba ka cikin hayyacinka, ni ina cikin nawa, saboda haka na ga komai. Likita ya ɗaga hoton hannuna ya ce ƙananan ƙasusuwan sun farfashe, sai an yi aiki. Ya faɗi abin da za a ajiye kafin a shiga da ni, na ga yayyena sun kalli juna. Ana cikin haka wata nas ta zaro katinka ta ce, "Wannan ma'aikacin gwamnati ne." Ina kallo aka canja maka zanen gado. Ni kuma aka naɗe hannuna da rawani, aka sa ni a tasi, sai gida wurin mai ɗori.

Yanzu hannun yana cikin kara. Gwaggo ta tare a gidanmu, ita take ba ni abinci a baki, ita take tsare ni kada in motsa shi. Rumfa a rufe take. Mutumin Agadas da ke sayen jakunkuna a wurina ya zo, ya yi mini jaje, ya wuce rumfar Garba maƙwabcina. Ban ga laifinsa ba.

Duk wanda ya zo duba ni, kafin ya tashi sai ya kawo zancen katinka. Wani ya ce ko allura ba ka saya ba. Wani ya ce a motar asibiti mai jiniya aka kai ka Abuja. Har liman ya ce lallai boko ya yi rana. Ni ina zaune da hannu a rataye a wuya ina cewa ƙwarai kuwa. Mota ɗaya muka shiga ni da kai.

Allah ya ƙara sauƙi.

Nata'ala

Yaya Abdulhakeem, wannan layin nawa ne, bai san na ƙara ba. Ba ya son a ambaci kasuwa, kuma abinci ma sai Gwaggo ta yi masa faɗa. Don Allah kada ka yi masa wasa a takarda ta gaba. Zaituna.

Abuja,
6 ga Janairu, 2007

Nata'ala,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata hannu yana sauƙi, iyali kuma lafiya. An kwance mini wayar baki, na fara cin tuwo mai laushi, kuma ina taka ƙafar da sanduna biyu.

Ka yi haƙuri da kalmar nan. Abin da aka faɗa mini na maimaita, ban san abin ya kai haka ba.

Amma tunda ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Ka ce an canja mini zanen gado. An canja. A kan zanen nan na yi sallah ni kaɗai. Matata Luba tana Gusau wurin iyayenta tana wankan jego, ba ta da halin zuwa. Abokan ofis sun zo a ƙungiya, suka ajiye lemo, suka duba agogo, suka tafi. Mutumin da ke gadon kusa da ni uwarsa ce ke kwana a tabarma a ƙasa. Idan ta fara ba shi abinci sai in juya fuskata bango.

Gwaggo ƙanwar ubana ce. Ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, a ɗakinta na girma. Kai dangantakarku sai an zauna an lissafo ta. Na aika a ɗauko mini ita, ka san amsar da aka kawo? "Abdulhakeem gwamnati ce ke jinyarsa, wannan kuwa ba shi da kowa sai mu." Gwamnati ba ta taɓa tambayata yaya na kwana ba. Da na karanta cewa ita ke ba ka abinci a baki, ajiye takardar na yi, sai washegari na iya ƙarasa ta. Ba na so ka faɗa mata wannan.

Yanzu ga magana mai amfani. Na yi wa shugaban sashenmu bayaninka. Ana ɗaukar masu gadi, kuma duk wanda aka ɗauka ma'aikaci ne, yana samun kati shi da matarsa da 'ya'yansa. Ya ce in dai mutumina ne, duk ranar da ka zo wuri yana nan. Da katin za a iya yi wa hannun aikin da ya kamata a yi masa tun farko. Kuma gadi aiki ne da ba ya buƙatar hannu biyu. Ka yi shawara.

Naka,
Abdulhakeem

Abuja,
3 ga Maris, 2007

Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni jiki da sauƙi, Luba ta dawo da jaririyar.

Na ji shiru. Direban ya rantse a hannun Zaituna ya damƙa takardata. Na kira wayar mai shagon ƙofar gidanku, ya je ya dawo ya ce kana barci, da hantsi. Na yi ta juya abin da na rubuta a raina, kuma ina jin na gane layin da ya ɓata maka rai. Ba haka nake nufi ba. Ba zan sake tayar da maganar ba.

Na koma aiki. Ofishinmu yana sama, ni kuma ba na iya hawa, sai aka ajiye mini tebur a ƙasa kusa da ƙofa ina buga hatimi. Masu wucewa suna ce mini sannu ba tare da sun tsaya ba.

Ka tuna maganar da muke yi a mota kafin tayar ta fashe, ina leƙo kai ta bayan kujerarka? Na ce bana zan ajiye aikin nan in dawo gida, kai kana ɗinki ni ina kai kayan Legas. To babu hali yanzu. Likita ya ce ƙashin bai haɗe yadda ake so ba, sai an sake buɗe cinyar an cire ƙarfen nan an sa wani. Ranar da na bar aiki, ranar katin zai mutu. Ga ni nan a bakin ƙofa sai yadda hali ya yi. Kai aƙalla idan ka fito zaure, kowa ya san sunan ubanka.

Ka amsa ko da layi ɗaya ne.

Abdulhakeem

Kano,
13 ga Mayu, 2007

Abdulhakeem,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi. Abin da zan faɗa ba na so ya bi ta hannun Zaituna.

I, layin nan ne. Ina zaune ina jiran a kwance kara in koma ɗinki, kai kuma ka riga ka yi wa hannun jana'iza ka nemo mini aikin mai hannu ɗaya. Na yi fushi sosai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daga baya maganarka ce ta fito. An kwance karan, hannun ya haɗe a karkace. Yatsu uku ba sa lanƙwasa. Na buɗe rumfa na zauna in haɗa jaka, basilla tana ta suɓucewa. Da na gama na kalli ɗinkin, ko ɗan koyo ne ya kawo mini shi da na sa ya warware. Na cusa ta a ƙarƙashin fatu kada Garba ya gani.

Na je asibiti an sake hoto. Likitan ya ce sai an karya an gyara, kuma kada a bari bana ta wuce. Lokacin yaƙin zaɓe masu neman kujera sun shigo Kurmi da lasifika, suka ce tunda mulki ya dawo hannun farar hula, katin lafiya zai kai ga ɗan kasuwa da mai sana'a. Kowa ya yi tafi, ni na ɗaga hagu. An yi zaɓe, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Akwai abin da zan faɗa maka. Da na ji cewa ƙashinka bai haɗe ba, na ji wani abu a raina wanda ba tausayi ba ne. Na yi istigfari, amma na ji shi. Idan sun cire ƙarfen ka roƙe su su ba ka shi. Ina so in riƙe shi in ga abin da ya bambanta ni da kai.

To ga maganar. Na karɓi gadin. Ka ce duk ranar da na zo wuri yana nan. Ranar Juma'a na sallama wa Garba rumfar a gaban dattawan layinmu. Na san idan na bar ta a rufe zan riƙa waiwayen ta, ba zan iya tafiya ba. Abin da ya ba ni na zuba wa iyali abinci da shi, na biya wa yara makaranta, saura na hanya. Gwaggo ta yi kuka, ta ce rumfar ta girme ni. Farkon wata zan taho. Ka faɗa mini tashar da zan sauka.

Nata'ala

Abuja,
17 ga Mayu, 2007

Nata'ala,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada ka taho.

Tun watan jiya aka daina ɗaukar masu gadi a matsayin ma'aikata. An miƙa gadin ga wani kamfani, kuma mutanen kamfanin ba su da kati, ba su da komai sai rigar da aka ba su. Shugaban da ya yi mini alkawari an canja masa wurin aiki. Yau na dogara sanda na hau har sama na roƙi wanda ya gaje shi, ya ce ba daga teburinsa abin ya fito ba.

Na san wannan tun ranar da aka yi, ban rubuto ba. Na ɗauka shirunka ƙin amincewa ne, na ce me zai sa in sake taɓa maganar da ta ɓata maka rai. Kuma na ji kunyar in ce maka abin da na yi ta taƙama da shi bai kai inda na ce ba.

Don Allah ka je wurin Garba yau, kada ka kwana. Ka faɗa masa kuskurena ne. Idan yana so in yi magana da shi ko da dattawan, a kira ni a kowane lokaci.

An sa aikina na biyu ƙarshen watan Yuni. Ba don ka tausaya na faɗa ba, don ka san inda zan kasance idan ka ji shiru. Ka faɗa mini ko ka ji haushina. Na gwammace ka zage ni da ka sake yin shiru.

Abdulhakeem

Kano,
10 ga Yuni, 2007

Abdulhakeem,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ina fata Luba da yarinya suna lafiya. Hagun ya fara sabawa, kana gani.

Na je wurin Garba ranar da takardarka ta iso. Na tarar ya riga ya cire langalangar da ta raba rumfunanmu, ya mai da su ɗaya, ya rataye kayansa har bangon ƙarshe. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam Nata'ala, wallahi da ina da hali da na mayar maka. Gonata ta gado na sayar na karɓi wurin nan, kuma a gaban dattawa aka yi."

Na ce na sani.

Sai ya ce, "Amma idonka bai karye ba. Ka fi ni sanin fata. Ka zauna ka riƙa zaɓar mini, ka duba ɗinkin masu yi mini aiki, ka yi ciniki da baƙi. Duk mako zan sallame ka."

Na ce zan yi tunani. Na dawo gida na faɗa wa Zaituna, ta ce, "Tunanin me? Garin nan akwai wani abin da ka iya bayan fata?" Washegari na koma.

Yanzu can nake wuni. Inda Baba yake zama nan nake zama, don babu wani wurin. Shekaranjiya wata Hajiya ta zo neman jakunkunan lefe. Na fito mata da masu kyau, na nuna mata bambancin fatar akuya da ta tunkiya, muka daidaita. Da za ta biya sai ta duba ta ce, "Malam, ina mai rumfar?" Bakina ya buɗe zan ce ga ni. Sai na nuna mata Garba.

Maganar hannu tana nan. Yayyena suna cewa za a haɗa hannu a cikin dangi kafin shekara ta ƙare. Ban sa rai ba, ban kuma hana su ba.

Ka ce kada in faɗa wa Gwaggo abin da ka rubuta a kanta. Ban faɗa ba. Zaituna ce ta ɗauko takardar ta karanta mata duka, ina zaune. Da aka gama sai Gwaggo ta ce, "Ashe yaron nan shi kaɗai ya yi sallah? Ai cewa aka yi ana ta hidima da shi." Tun ranar take haɗa kaya. Ta daka yaji, ta sa an niƙo mata garin kunu, ta ɗaure tabarmarta. Ta ce a ƙasan gadonka za ta kwana ko likita ya so ko bai so ba. Ni ta daina tambayata ko na ci abinci.

Ka tambaye ni ko na ji haushinka. Na ji. Har yanzu idan na tuna nas ɗin nan da katinka a hannunta sai haushin ya dawo mini, kuma ban san ranar da zai daina ba. Amma na zauna na duba, ban ga abin da ka yi mini da gangan ba.

Ba zan bar Gwaggo ta hau mota ita kaɗai ba. Garba ya ba ni izini, ka ji, izini. Za mu iso ana gobe aikin. Kada ka zo tasha da wannan ƙafar, ka rubuto sunan asibitin kawai. Ina so in ga wurin da idona. Idan ka ga na yi shiru ina kallon gadon da na'urorin, kada ka ce mini komai, kuma kada ka yi mini wasa. Ka ƙyale ni in gama kallo, sannan in gaishe ka da jiki.

Ɗan'uwanka,
Nata'ala